Ƙwallon da Ta Faɗi a Karantina

Lahadi, 9 ga Janairu, bayan la'asar

Ma'aikatan hukuma sun shafa wa gidanmu na unguwar Karantina a Jidda jan fentin rusau. Na je kai wa Inna maganin hawan jini na tarar da shi, rubutu ƙato daga bakin ƙofa har gindin taga. Duk layin haka yake, tun daga baƙalar Hamad, shagon kayan masarufin nan, har masallacin kan kwana. An ce nan da sati uku za a yanke wuta, daga nan motocin rusau su shigo.

Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na tsuguna daga inda na saba na gaishe ta, ta amsa idonta yana kan faranti. Ni ne ɗanta na fari. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ɗakinta kuwa rabona da shi tun ban yi hankali ba. In ya zama dole ta ambace ni sai ta ce “yayan Mus'ab”. A Jidda aka haife ta, Larabcinta ya fi nawa daɗi, amma wannan kunyar ta ɗan fari da uwarta ta taho da ita daga Sudan, ko ƙwayarta ba ta zubar ba.

Na ce, “Inna, yanzu yaya za a yi?”

Ta ce, “An shirya.”

Ban tambayi wanda ya shirya ba. Wa kuwa, in ba autanta Mus'ab ba. Shi ne mai shiga har kan gadonta ya zauna suna hira suna dariya. Unguwar Bani Malik za ta koma wajensa, shi ke nan. Na ajiye maganin na fito.

Talata, 11 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Ina shan shayi saƙo ya shigo daga Japan. Miho ce, 'yar Kabtin Odagiri. Ta ce babanta ya samu shanyewar ɓarin jiki tun watan jiya. Yana ji, yana ganewa, amma magana ta ɗauke. Tana tattaro masa labarai daga duk inda ya taɓa zama, tana karanta masa a asibiti. Ta samu na Amurka, ta samu na Taiwan, saura Jidda. Tana so in rubuto abin da na tuna, in kuma ɗauko mata hoton filin.

Shekara bakwai na yi ina tuƙa shi, lokacin da kamfaninsu na injinan ruwa ya turo shi nan. Ina da ashirin da huɗu ranar da na ɗauko shi a filin jirgi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Jakarsa biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya doguwa da ya hana ni taɓawa. Na zaci bindiga ce har gabana ya faɗi. Ashe sanduna ne. Mutumin nan kafin ya zama ma'aikacin ofis, shekara goma sha bakwai ya yi yana cin abinci da wasan besbol, a ƙasarsu da ƙasashe uku.

Littafin nan ma nasa ne. Ya ce 'yan wasan ƙasarsu kowa yana da irinsa, kullum mutum ya rubuta abin da ya yi da abin da ya kasa. Goma ya bar mini da zai tafi, yara suka cinye tara da zane-zane. Zan tattara wa Miho labarin a wannan. Abin da na kasa kuma, a bar shi tukuna.

Laraba, 12 ga Janairu, da rana

Ban kira Mus'ab ba. Shi ma ai yana da waya.

Juma'a, 14 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Yadda Kabtin ya shigo Karantina. Wata Alhamis ce ya ce in kai shi ya ga unguwarmu. Na yi ta kame-kame, na ce hanya ba kyau, na ce akwai wari. Ya ce, “Yalla, Gafa.” Abdulghaffar ya gagari harshensa, Gafa yake ce mini har ya tafi.

Bayan tsohon garejin manyan motoci akwai wani fili da ake zubar da shara. Ya ce in tsaya. Ya sauka ya zagaye shi da ƙafa yana ƙirga taku. Sati na gaba sai ga shi da shebur huɗu da tsintsiyoyi a bayan mota. Mutanen unguwa suka yi cirko-cirko suna kallon mai ƙaramin ido da farar riga yana kwashe gwangwanaye. Kunya ce ta sa na sauka na kama masa, ba son Allah ba. Kafin magariba mun kai mu ashirin.

Wasan ba wuya a faɗa: ɗaya ya jefo, ɗaya ya maka da sanda ya ruga, sauran su kamo ta. Mutum uku ne suke tsayawa can nesa a bayan fili suna jiran wadda ta tashi sama. Aikin Kabtin ke nan duk rayuwarsa, nan kuma ya ajiye mu, ni a tsakiya, Mus'ab a hagu. Yana da sha bakwai lokacin, siriri kamar sandar rake, amma ya fi ni gudu, ban taɓa yarda ba sai yau da nake rubutawa.

Rigima ta farko a kan ruku'u aka yi ta. Kabtin ba ya shiga fili sai ya cire hula ya sunkuya, haka in zai fita. Yara suka fara kwaikwayo. Dattawa suka ce ana koya wa 'ya'yan Musulmi bautar ƙasa. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saka farar jallabiyarsa ya je ya same shi, ni ina fassara ina gumi. Kabtin ya ce gaisuwa ce kawai, a wurin da kake neman abinci. Baba ya ce, “Tayyib. Kai ka sunkuya. Namu su cire hula su yi bismilla.” A haka aka zauna shekara bakwai.

Ina kewar waɗancan Alhamis ɗin. Ina kewarsu ƙwarai.

Lahadi, 16 ga Janairu, bayan magariba

Na dawo daga aiki na tarar matata Zakiya ta fitar da keken ɗinkinta daga ƙaramin ɗaki ta jingina shi a falo.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Ɗakin nake sharewa.”

“Baƙi za mu yi?”

Ta dube ni irin kallon nan nata, ta kira ni da sunan ɗanmu na fari yadda ake yi a nan. “Abu Raed, ka yi wa Inna magana kuwa?”

“Ta ce an shirya.”

“Wa ya shirya?”

Na ce mata ta fi ni sanin wanda Inna take so ta buɗe ido ta gani da safe. Matar da ba ta iya cin abinci in ina wurin, ita za a kawo gidana, hawa na uku a unguwar Safa, bangonmu ɗaya da ita? Azabtar da ita za a yi.

Ta ce, “Ya'ni ba za ka kira Mus'ab ka ji ba?”

Na ce ba zan kira ba. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Ta shiga kicin, keken yana nan a falo har yanzu, sau biyu ina buga ƙafa da shi.

Talata, 18 ga Janairu, ina jiran lodi a sito

Na Miho. Abin da ya gaya mini na gida, guntu-guntu, yawanci a cunkoson titin Madina.

Ɗan masunci ne, daga wani ƙaramin gari a arewacin ƙasarsu inda ƙanƙara take rufe ƙofa. Ya ce ƙarfin hannunsa daga jan koma ya samo shi. Yana gama sakandare wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, uwarsa ta raka shi tashar jirgin ƙasa da busasshen kifi a ƙunshi. Shekara biyun farko bai taka babban fili ba. Wanke wa manya takalma yake yi, ya ɗaukar musu jaka, in babba yana tsaye ba ya zama. Na ce masa ashe ku ma Hausawa ne, ya yi dariya har da tari.

Shi da bakinsa ya ce bai iya bugu ba sosai. Hannu ne da ido. Kafin sanda ta gama ƙara ya san inda ƙwallo za ta sauka, ya juya mata baya ya ruga ya jira ta a can. In ya jefo daga ƙarshen fili, a tafin mai jira take sauka ba ta taɓa ƙasa ba. Na ga wannan da idona a Karantina, yana da shekara arba'in da gurguwar gwiwa. Ya sa aka kafa bokiti a bakin garejin, ya jefa ta ciki sau uku a jere. Hamad mai baƙala ya rantse da aljanu yake aiki.

Shekara goma sha biyu ya yi a ƙungiya ɗaya. Akwai kati mai hotonsa da yara suke saye, ya nuna mini ɗaya, matashi mai gashi cike da kai. Na tambaye shi me ya raba shi da su. Ya ce, “Wata rana.” Sai da na shekara biyar ina jan motarsa kafin ranar ta zo.

Alhamis, 20 ga Janairu, da safe

Keken ɗinki yana falo. An saka sabon labule a ƙaramin ɗaki. Na ɗauki makullin mota na fita.

Juma'a, 21 ga Janairu, bayan la'asar

Na je Karantina. Rabin layin ya watse. An ciccire ƙofofi da tagogi, gidaje sun yi wayam. Hajiya Jawahir maƙwabciyarmu tana ɗora katifu a kan dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, za su koma wajen ɗanta a unguwar Kilo Sha Huɗu. Ta ce, “Abdulghaffar, ku fa yaushe?” Na ce an kusa.

Motar Mus'ab tana ƙofar gida. Na wuce ta na je na tsaya bayan masallaci, na kashe inji. Minti arba'in ina zaune kamar ɓarawo, sai da na ga fitarsa ta madubi. Ya yi ƙiba. Ya fara furfura a gemu, yaron da na koya wa ɗaura takalmi. Shekara huɗu ke nan gaisuwar salla kawai ke haɗa mu, tun abin da na faɗa masa ranar da muka dawo daga binne Baba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na san abin da na faɗa.

Na shiga na gaida Inna. Tabarma ɗaya ce ta rage a tsakar gida, da buta, da murhun gas. Na ce ko akwai abin da za a ɗauka in taimaka. Ta ce wa butar, “An shirya.” Na ga dai autanta yanzu ya fita, to magana ta ƙare.

Filin kuwa, sun mai da shi wurin juye ɓaraguzai. Tudun bulo ya fi ni tsawo a daidai inda nake tsayawa. Na ɗaga wayar na sauke. Me zan aika wa mutum yana kwance.

Lahadi, 23 ga Janairu, da rana

Na Miho. Ƙasashen waje.

Ya tafi Amurka yana da talatin da ɗaya, lokacin da mutanensu ba su cika zuwa ba. Ba manyan ƙungiyoyin da ake gani a talabijin ba, ƙananan da suke yawo a bas daga ƙauye zuwa ƙauye. Awa goma sha huɗu a kujera, a sauka a yi wasa, a sake hawa. Ba ya jin Turanci. Wata uku abinci iri ɗaya yake ci saboda sunansa kaɗai ya iya faɗa. Abokan wasansa yara ne 'yan ashirin, suna kiransa kaka, suna mamakin mutumin da yake zama bayan wasa yana shafa wa safar kamunsa mai kamar mai yi wa jariri wanka.

Shekara biyu a can, biyu a Taiwan, inda ya ce ya fi jin daɗi don akwai shinkafa ta gaskiya. Ta ƙarshe a Meziko. Nan ya bi ƙwallo ya daki katanga, gwiwa ta tafi. Ya ce yana kwance a ƙasa ana ihu da yaren da ba ya ji, ya duba safarsa ya ga ƙwallon tana ciki, sai ya ji ya huta.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bai koma gida ya zauna ba, mutum da mata da 'ya. Ya ce a waje ba wanda ya san shi. Na ce a Jidda ma ai ba wanda ya san ka. Ya ce, “Shi ya sa Jidda kuwayyis.” Wato ta yi masa kyau.

Abu ɗaya ne yake fitar da shi daga hayyacinsa. Mutumin da ko mota ta shiga gabanmu ba ya tsaki, amma in ƙwallo ta tashi tsakanin mutum biyu aka yi shiru, har wuyansa ja yake yi. Dole mai kamawa ya faɗa da ƙarfi sau uku. Mu da Larabcin unguwa muke yi, “Haggi, haggi, haggi,” wato tawa ce. Ko ka kama, in ba ka faɗa ba, sai ka zagaye fili sau biyar. Ni da Mus'ab mun sha zagaye tare, muna haki muna zaginsa da Hausa, yana murmushi yana cewa shukran.

Talata, 25 ga Janairu, bayan isha

Zakiya ta ce, “Saura kwana biyar.” Na ce na iya ƙirga.

Alhamis, 27 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na buɗe lambar Mus'ab. Hotonsa da 'ya'yansa a bakin teku. Na rufe.

Asabar, 29 ga Janairu, bayan azahar

Wannan ban sani ba ko zan aika wa Miho. Wataƙila ta sani, wataƙila bai taɓa gaya mata ba.

A hanyar Yanbu ne, muna dawowa daga duba inji. Ba wanda ya tambaye shi, sai kawai ya fara, yana kallon hamada ta taga.

Wasan ƙarshe na shekara, wanda ya ci shi ne zakara. Mutum dubu hamsin a fili. Saura kamu ɗaya su ci. Shi yana hagu, a tsakiya kuma wani yaro ne ɗan shekara sha tara da aka ɗauko a shekarar. Aka maka ƙwallo ta tashi tsakaninsu, mai sauƙi, ya ce ko 'yarsa za ta kama. A dokar wasa, in ta faɗo tsakani, na tsakiya ne mai ita. Kabtin ya rage gudu ya bar wa yaron haƙƙinsa. Yaron kuma ya ga babba yana tahowa, mutumin da yake wanke wa takalma, ina shi ina shiga gabansa. Shi ma ya rage gudu. Suka tsaya suna kallon juna, ta faɗi a kan ciyawa tsakaninsu. Mutum biyu na abokan karawarsu suka zagaye fili suka ci maki, aka cinye su Kabtin.

Jaridu suka dira a kan yaron, tunda doka ta ce tasa ce. Kabtin bai ce uffan ba. Ya ce ya san sarai yaron ba zai iya buɗe baki a gabansa ba, shi ya kamata ya yi magana, ko ya ce tawa, ko ya ce taka. Yaron ya bar wasa bayan shekara biyu, ya koma tuƙin babbar mota. Shi kuma ƙungiya ta sallame shi shekara ta gaba, ya kama yawon ƙasashe.

Na ce masa ƙaddara ce. Ya ce, “La, Gafa. Girmamawa ce ta yi yawa.”

Na karanta abin da na rubuta yanzu, raina bai yi mini daɗi ba. Zan fita in sha iska.

Lahadi, 30 ga Janairu, da yamma

Yau aka ce za a yanke wuta. Na kira wayar Inna, a kashe. Tana Bani Malik ke nan, ana ta hidimar sauka. Da a ce Mus'ab mutum ne, ai sai ya turo saƙo ya ce mun iso.

Litinin, 31 ga Janairu, da safe

Na yi wa Kabtin saƙon murya, da guntun Turancina da guntun Larabcinsa. Na ba shi labarin bokiti, da Baba da jallabiyarsa. Na ce fili yana nan. Allah ya yafe mini wannan. Miho ta amsa ta ce ya saurara sau biyu, da ya ji an ce Gafa ya ɗaga hannun hagu.

Wayar Inna a kashe.

Talata, 1 ga Fabrairu, da rana

A kashe. Zakiya ta daina yi mini magana sai ta abinci.

Laraba, 2 ga Fabrairu, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ragi.

Ƙarfe tara na safe ina kan hanyar sito Hajiya Jawahir ta kira. Ko sallama ba ta gama ba. Ta ce ta koma da ɗanta su ciro tankin ruwansu, suka ga hayaƙin girki a gidanmu. “Uwarku tana nan ita kaɗai a layin. Kwana uku ba wuta, ba firji, ba maƙwabci, ruwa daga tankin masallaci take ɗebowa da buta. Maza biyu kuna raye. Wallahi kun ji kunya.” Ta kashe.

Ban san yadda na isa ba. Na bar kayan mutane a mota. Motocin rusau suna layi na biyu daga namu, ƙura ta rufe ko'ina. Ina tsayawa motar Mus'ab tana tsayawa, ashe shi ma Hajiya Jawahir ta kira shi. Muka fito muka tsaya a ƙofar gida.

Ni na fara, da yake bakina ba ya koyon darasi. Na ce, “Kai wane irin mutum ne? Ka bar ta a nan?”

Ya ce, “Ni na bar ta? Yaya, ai gidanka za ta.”

“Wa ya ce?”

“Ita ta ce an shirya. Kana raye, kana da gida, ni zan shiga gabanka in ɗauke ta? Mutane su ce me? Kai ma ka ce me? Bayan abin da ka gaya mini?” Ya juya ya kalli ƙofar gidan. “Kullum ina jira ka kira ka ce ranar kaza, in zo in kama kaya. Wayarta a kashe, na ce tana Safa, ba a neme ni ba.”

Hajiya Jawahir tana tsaye da hannu a ƙugu, ta ce mu gama tukuna, tsohuwa ba ta gaji da jira ba.

Inna tana kan tabarmarta, ta yi wanka ta saka baƙar abayarta ta fita unguwa, jakar hannunta a cinya. Jawahir ta ce Inna ta gaya mata haka take shiryawa kowace safiya tun ranar Lahadi. Ta rame. Leɓenta ya bushe. Mus'ab ya faɗa jikinta yana kuka, ta dafa kansa tana cewa halas, halas, wato ya isa haka. Ni na tsuguna a inda na saba, sai na ji wurin ya yi mini nisa. Na tashi na matsa har bakin tabarmar.

Na ce, “Inna, gidana za ki. Ni zan ɗauke ki. Yanzu.”

Da ƙarfi ya fito, har ɗan Jawahir ya leƙo daga waje. Ba ta dube ni ba. Ta gyara mayafinta, sannan ta ce wa Mus'ab, “Ka ce wa yayanka ya shiga ya fito da kayan.”

Na cire takalmi na shiga. Ɗakin ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. An naɗe katifa an ɗaure. Kwalaye ne jere a jikin bango, kowanne an ɗaure shi da igiya tsaf, kowanne an yi masa rubutu da baƙin alƙalami da manyan baƙaƙe na Larabci. Na duba na farko, na duba na biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Kalma ɗaya ce a jikinsu duka: Safa.

Jawahir ta ce daga bakin ƙofa, “Tahani 'yata ce ta rubuta mata, tun ranar da aka shafa fentin. Na ce ta gaya maka mana. Ta ce ita ba za ta iya ba, amma za ka zo, ba za ka bari a kai ga yanke wuta ba.”

Na zauna a kan katifar. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, irin wanda ban yi ba ko ranar Baba. Ba wanda ya shigo. Can na ji Inna tana tambayar Mus'ab ko hawa na ukun nan akwai lif.

Kwali goma sha ɗaya ne. Mus'ab ya naɗe hannun riga zai kama, na ce ya je ya zaunar da ita a motata ya kunna mata sanyi. Ban bar shi ya taɓa ko ɗaya ba.